Kulin tawa rufaffiya, buɗaɗɗiya ko dirai kula: wacce ta dace da masana'antarka a Zariya?

Jama'a assalamu alaikum. Maganar sanyaya ruwan injina nake so mu baje yau, don kusan duk mai masana'antar da ta fara girma a Dakace ko Cikaji ko ta wajen hanyar Kano sai ya zo wannan gaɓar. Injin buga roba ya fara fito da bokiti a lanƙwashe, kwamfiresa tana yanke kanta da azahar, man inji ya yi zafi kamar a soya ƙosai, sai a ce ai kulin tawa za a saya, wato na'urar sanyaya ruwan inji. Daga nan kuma masu kawo kaya su turo farashi kala uku, wannan ya ce buɗaɗɗiya ta isa, wancan ya ce rufaffiya ake yayi yanzu, wani kuma ya ce Alhaji ka manta da ruwa gaba ɗaya ka sa dirai kula. Kuɗin ba ƙanana ba ne, kuma abu ne da in an dasa shi zai yi shekaru masu yawa a wurin kana ci da shi ko yana cin ka.

Ni dai ba zan ɓoye ra'ayina ba tun daga farko. A garin nan ƙura da ruwa su ke yanke hukunci, ba kyan hoton katalog ba. Rufaffiya tana da amfani sosai, wallahi akwai injinan da ban yarda a haɗa su da wata ba sai ita, amma ba ta rage shan ruwa kamar yadda wasu dillalai ke faɗa, kuma ba ta hutar da kai daga wanki da zuba magani. Wanda ya saye ta da wannan tunanin zai sha mamaki tun kafin shekara ta zagayo.

Bari mu fara da yadda kowacce take aiki, a taƙaice. A buɗaɗɗiya, ainihin ruwan da ya ɗauko zafi daga injinka shi ake turawa sama, a watsa shi ta nozul, ya gangaro ta cikin robobin nan da ake jerawa a ciki, fanka tana jan iska ta tsakaninsa, ɗan kaɗan daga ruwan ya tashi ya bi iska, sauran ya huce ya taru a kwamin ƙasa, famfo ya sake mayar da shi cikin inji. Dabarar randa ce dai, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa shi ke ɗauke zafin na ciki. Irin zagayayyun nan na faiba masu siffar kwalba da kuke gani a bayan kamfanonin roba da na ƙanƙara, yawancinsu wannan ce.

Rufaffiya kuwa ruwa biyu gare ta kuma ba sa haɗuwa. Ruwan injinka yana zagayawa ne a cikin kwayil, wato naɗaɗɗen bututun ƙarfe da ke cikin akwatin, ba ya ganin iska ba ya ganin rana. Sai kuma wani ruwan daban a kwamin ƙasa, ƙaramin famfo yana ɗaga shi yana fesa wa kwayil ɗin ta waje, fanka na jan iska, wannan ruwan feshin shi ke tashi ya tafi da zafin. Ka ga kenan zafin sai ya ratsa jikin ƙarfe tukunna kafin ya isa ga ruwan da zai tafi da shi. Ku riƙe wannan, don duk alherinta da duk tsadarta daga nan suka fito.

Dirai kula ita babu feshi babu kwami, babban lagireto ne kawai da fankoki, irin na janareto amma ƙato. Iska ce kaɗai ke sanyaya ta.

To yanzu ga inda lissafi yake, kuma a nan nake so a ɗan natsu. Duk na'urar da ke sanyayawa ta hanyar tashin ruwa, ba zafin iskar da ka gani a waya take bi ba, tana bin abin da injiniyoyi ke kira wet balb ne, wato in ka naɗe kan tamomita da jiƙaƙƙen ƙyalle iska na kaɗa shi, lambar da zai nuna. In iska a bushe take lambar nan tana faɗuwa ƙasa sosai, in kuma iska ta cika da laima sai ta matso kusa da zafin iskar. Misali a ce rana ce ta watan Maris, iska tana digiri 38 amma laima kashi 20 cikin 100 kacal, wet balb bai wuce wajen 21 ba. Kulin tawa a ranar murna take, za ta iya ba ka ruwa mai digiri 25 ko 26 alhali mutane na neman inuwa. Amma a ce damina ce, iska digiri 30 laima kashi 75, wet balb ya haura wajen 26, ruwanka ba zai sauko ƙasa da 29 ko 30 ba ko da fanka za ta tsage. Shi ya sa mutane ke mamaki, su ce yaya aka yi da zafin bazara injin bai dame mu ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Lokacin da ya fi wahalar da kulin tawa a nan shi ne wannan gumin na ƙarshen Afrilu zuwa Mayu da iska ta juyo da laima amma zafi bai sauka ba, sai kuma cikin damina. Da wannan lokacin za a auna girman na'urar, ba da Janairu ba.

Buɗaɗɗiya mai kyau takan kawo ruwa zuwa digiri 3 zuwa 5 sama da wet balb. Rufaffiya saboda katangar ƙarfen nan da ke tsakani sai ta ƙara wasu 'yan digiri a kai, ko kuma a yi ta ƙatuwa kafin ta kamo waccan. Dirai kula lissafinta daban ne gaba ɗaya, ita zafin iska take bi kai tsaye, kuma ba ta taɓa kai shi, yawanci sai ta tsaya digiri 5 zuwa 10 a samansa. Ranar da Zariya ta taɓa 39 ko 40, ruwan da za ta ba ka yana tsakanin 45 da 50. Akwai injinan da wannan bai dame su ba, ruwan jikin babban janareto ai ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, wasu kwamfiresocin ma an yi su don haka. Amma cila, wato injin haɗa sanyi kamar babban firiji, irin mai sanyaya da ruwa wadda aka ƙera a kan ruwa ya shiga da 30 ya fita da 35, ko mai na haidirolik a injin roba, ko kayan wutar tanderun narkar da ƙarfe, in ka ba su 48 ka gama da su. Ita cila ma kowane digiri ɗaya da ruwan kwandensa, wato ruwan da ke ɗauke mata zafi, ya ƙaru tana ƙara cin wuta wajen kashi 2 cikin 100, kai kuma da dizal kake aiki rabin yini ka san ma'anar wannan a aljihu.

Saboda haka tambayar farko ba wacce ta fi kyau ba ce, a'a, ka ɗauko littafin injinka ka duba digiri nawa ya ce ruwa ya shigo da shi. In ya yarda da 45 zuwa sama, to ka tsaya ka yi tunanin dirai kula da gaske kafin ka jawo wa kanka hidimar ruwa. In ya ce 32 ko 35, to tsakanin buɗaɗɗiya da rufaffiya zancen yake.

Yanzu ƙura. Hunturu yana shigo mana daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har Fabrairu, wani sa'in ya taɓa Maris, yana ɗauke da ƙurar sahara wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, lallausa ce sosai har ta fi garin fulawa. Kulin tawa kuma aikinta kenan ta ja iska mai yawan gaske ta wanke ta da ruwa, duk abin da ke cikin iskar a ruwan yake zama. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamin buɗaɗɗiya a ƙarshen Fabrairu ya san abin da nake nufi, ka zura hannu ƙasa ka ɗebo laka ja-ja mai santsi, ga guntun leda, ga fuka-fukan ƙwari, ga gansakuka ta yi kore a gefen da rana ke bugawa, in kusa da injin casar shinkafa ne ga ɓuntu, in wajen gurzar auduga ne ga zare-zare ya naɗe rariyar famfo. To wannan ruwan, shi ɗin dai, shi ne ke shiga cikin injinka.

Na ga mazubin roba a wani kamfani da aka kwance, ramukan ruwan da ke jikinsa waɗanda a da biro zai shiga, an wayi gari tsinken tsintsiya ma da ƙyar, laka da farin ɓawo sun haɗu sun yi tauri, yaran suna ta zura waya suna zuba asid. Kafin a kai ga kwancewar, lokacin da kowane bugu ke ɗauka ya riga ya ƙaru don roba ba ta hucewa da wuri, kaya suna fita da tabo, ma'aikata suna ɗora laifin a kan ɗanyen kaya. Asarar da ke irin wannan ba a ganinta a rasit ɗaya, a hankali take cin riba.

Nan ne rufaffiya take cin kuɗinta. Ka cika zagayen ciki sau ɗaya da ruwa mai tsabta wanda aka tausasa, ka zuba maganin hana tsatsa irin su naitirait, shikenan, ruwan nan zai yi ta zagayawa babu ƙura babu gansakuka babu iskar da za ta kawo tsatsa, mazubinka da kulan mai da kwamfiresa su zauna fes. Ƙurar ba ta ɓace ba fa, tana nan tana taruwa a kwamin ƙasa, sai dai yanzu a wuri guda take wanda za ka buɗe bawul ka wanke da burushi da tiyo, ba a cikin ramin da sai an kwance inji an tsayar da aiki ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce aka fi yaudarar mutane da ita. Wai rufaffiya ba ta shan ruwa tunda a rufe take. Ba gaskiya ba ne sam. Na ciki ne ba ya raguwa, na feshi kuwa yana tashi daidai yadda na buɗaɗɗiya ke tashi, don da tashin nasa ake fitar da zafin, babu wata hanya. Kowace lita ɗaya da ta tashi tana tafiya da zafi wajen kilojul 2,400, in ka buga lissafin za ka ga kowane kilowat na zafi yana cin kusan lita ɗaya da rabi a awa. A ce zafin da kake son fitarwa kilowat 300 ne, wanda ba wani babban kamfani ba ne, to wajen lita 450 ke bin iska duk awa. Kuma ba a nan ta tsaya ba, don ruwa ne kawai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan yana ƙara kauri, dole ka riƙa zubar da wani kaso kana sako sabo. In kana so kaurin ya tsaya a ninki uku na ruwan bohol ɗinka, sai ka zubar da rabin abin da ya tashi, wato 225, jimla lita 675 a awa. In aiki dare da rana ne ka haura lita 16,000 a kullum, tanka mai lita 10,000 ɗaya da rabi har da ɗoriya. Lokacin bazara da iska ta fi ruwan zafi ma tashin yana ɗan ƙaruwa. Wannan lissafin ɗaya ne ga buɗaɗɗiya da rufaffiya, bambancin da ke tsakani bai taka kara ya karya ba.

Mu kuma mun san halin ƙasarmu, ƙarƙashin Zariya dutse ne irin wanda ya fito fili a Kufena, bohol sai an dace da tsaga, wani yana ba da ruwa sosai wani na maƙwabci da ƙyar yake cika tanki, kuma a Maris da Afrilu da ka fi buƙata a lokacin yake ja baya. Don Allah kafin ka biya kuɗin kowace kulin tawa ka auna lita nawa bohol ɗinka ke bayarwa a awa a ƙarshen rani, ba a watan Agusta ba. Kuma ka ɗebi ruwan a kwalba ka kai a gwada maka taurinsa da gishirinsa da sinadarin ƙarfe da silika da ke ciki, garin da ke da ABU ga kuma cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa bai kamata mutum ya sayi na'urar miliyoyi bai san ruwan da zai zuba mata ba. In ruwan ba zai isa ba, to ko kana so ko ba ka so dirai kula ce taka, ko kuma irin nan mai haɗi wadda lagireto ce amma an sa mata jiƙaƙƙen labule a gaba da ake kunnawa kawai a sa'o'in da rana ta take, sauran lokaci tana aiki a bushe. Ita wannan tana rage shan ruwa ƙwarai, sai dai labulen nata da ƙurar hunturu ba sa ga maciji, sai an riƙa wankewa ana sauyawa.

Rufaffiya tana da nata ciwon da ba kasafai dillali ke faɗa ba, kuma gara a sani. Farin ɓawon nan da ke kama ƙarfen hita, a rufaffiya bai bar gidan ba, ya koma bayan kwayil ne kawai. Kwayil kuma bututai ne a cushe layi bisa layi, hannu ba ya shiga tsakani, in ɓawo ya kama sai dai wanki da sinadari, sinadarin kuma in an yi ganganci ya cinye rufin galbanaiz ɗin, wato shafin hana tsatsa da ke jikin ƙarfen. A buɗaɗɗiya in robobin ciki suka toshe ka cire ka sa sababbi da kuɗi kaɗan, a rufaffiya in kwayil ya lalace kusan rabin na'urar ce ta tafi. Abin da ke ƙara ɓata lamarin a wajenmu shi ne ɗauke wuta. Nefa ta ɗauke, famfon feshi ya tsaya, kwayil yana nan da zafinsa, ruwan da ke jikinsa ya bushe ya bar gishiri, a tayar da jen a sake jiƙa shi, an jima a sake ɗaukewa, kowane zagaye yana ƙara shafi ɗaya. Shi ya sa nake cewa famfon feshi lallai ya zauna a layin janareto, kuma kar a riƙa kashe shi ana kunnawa wai don a rage sanyi, in sanyi ya yi yawa fanka ake rage wa gudu.

Sabon kwayil na galbanaiz kuma yana son lallashi a makonnin farko, ana riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwan feshi, tsakanin 7 da 8 har rufin ya zauna, in aka bar shi ya haura sosai sai farar tsatsa ta fito kamar alli a jiki, rufin ya fara zuba tun na'urar tana sabuwa. Mai hali ya sayi kwayil na sitenles ya huta da wannan, amma farashin ya san da zuwansa. Ga wani abu kuma da na ga ana yawan kuskurewa, galbanaiz ɗin nan a waje kawai yake, cikin bututun baƙin ƙarfe ne tsirara. In ka haɗa rufaffiya da buɗaɗɗen tankin siminti na ƙarƙashin ƙasa irin wanda kamfanonin roba suka saba ginawa, ruwa na zubowa ciki yana shan iska, to ka rusa dalilin sayenta, kwayil zai ci tsatsa ta ciki inda ba mai gani. Zagayen ya zama rufaffe da gaske, da ɗan tankin da ke karɓar kumburin ruwa in ya yi zafi, da wurin fitar da iska a can sama.

Ta fannin kuɗi ba sai an ja zance ba, rufaffiya ta fi tsada, sau da yawa ninki biyu ko fiye na buɗaɗɗiya mai ƙarfi ɗaya, ta fi nauyi nesa don kwayil ƙarfe ne cike da ruwa, sai an zuba mata kankare mai kyau an kira kuren mai ɗaga kaya, kuɗin ɗaukowa daga tashar Legas ma ya fi. Wuta kuma akwai ƙarin famfon feshi, fankarta ma takan fi girma, ko da yake babban famfo yana samun sauƙi tunda ba ya ɗaga ruwa sama ya sake shi, zagaye kawai yake. In ka ga katalog na Turai ko Amurka yana yabonta da cewa ana zuba maganin hana daskarewa a ciki, wannan ba namu ba ne, sanyin Samaru duk tsananinsa bai daskarar da ruwa a bututu ba, kuma maganin rage ƙarfin sanyayawa yake yi, kar ka bari a sayar maka. Abin da ya shafe mu shi ne a daren hunturu in aiki ba shi da nauyi wasu rufaffun ana iya kashe feshi su yi aiki a bushe na wani lokaci, a ɗan tsimi ruwa, amma a tambayi maƙerin ko tasa ta yarda da haka.

Akwai hanya ta tsakiya da ni ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. Ka sayi buɗaɗɗiya, sai ka sa na'urar musayar zafi mai faranti-faranti tsakaninta da injinka. Ruwan kulin tawa mai datti yana bi ta gefe ɗaya, ruwan inji mai tsabta ta ɗaya gefen, ka samu rufaffen zagaye kenan da kuɗin da yawanci bai kai na rufaffiya ba. Daɗinta farantan ana kwance su da sifana a wanke ɗaya bayan ɗaya a mayar. Wahalarta kuma tsakanin farantan matsattse ne, ƙurarmu tana toshe shi da wuri in babu matatar ruwa mai kyau a gaba, ga ƙarin famfo babba, ga robar bakin faranti da sai an yi odarta, kuma tana cinye maka digiri 1 zuwa 3. Ga wanda ya riga ya mallaki buɗaɗɗiya mai lafiya kuma injinansa ke toshewa, ni wannan zan fara ba shi shawara kafin ya je ya ciwo bashi.

Maganar lafiya kuma ba zan tsallake ta ba don rai ne. Ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45 da laka da gansakuka shi ne gidan ƙwayar cutar Lejonela, tana bin ƙananan ɗigon da fanka ke watsawa, mutum ya shaƙa ta zama ciwon huhu mai tsanani. An fara gane ta ne bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal a birnin Filadelfiya ta Amurka a 1976, inda mutum 29 daga mahalarta suka rasu, kuma a 2015 ma a unguwar Buronks ta birnin Niyok mutum 16 suka rasu aka bi sawu har kan wata kulin tawa. Kar wani ya ce ai tawa rufaffiya ce, ruwan feshinta a buɗe yake kamar na kowa, haɗarin ɗaya ne. A riƙa zuba kulorin ko wani maganin kashe ƙwayoyi a kan tsari, a wanke kwami, a tabbatar robobin da ke tare ɗigo a saman suna nan ba a cire an jefar ba, in na'ura ta kwana biyu a kashe kamar hutun sallah a wanke ta kafin a tayar. Ruwan da ake zubarwa kuma a hana ma'aikata alwala ko wanka da shi, na sha gani ana tara bokiti a bakin bututun don yana da ɗumi lokacin sanyi, ga magani a ciki ga ƙwayoyi. Dirai kula ita kaɗai ce ta tsira daga wannan babin.

To wa zai sayi wacce? Mai tanderun narkar da ƙarfe mai aiki da wuta, wannan babu ja, rufaffiya. Kwayil ɗin tagulla da ke zagaye da tukunyar da kayan wutar cikin fanel hanyoyin ruwansu sirara ne, kuma ruwan da gishiri ya yi wa yawa yana ɗaukar wuta, maƙeransu ma ruwa mai tsabta sosai suke sharɗantawa. Shi kuma ya ƙara da tankin gaggawa a sama ko famfo mai injin kansa, don in wuta ta ɗauke narkakken ƙarfe ba ya jiran a tayar da jen. Mai injinan roba da yawa da mazubai masu tsada, da mai manyan kwamfiresoci masu shan ruwa, da duk mai aikin abinci ko magani da ba ya son ruwan waje ya kusanci layinsa, su ma rufaffiya ko buɗaɗɗiya mai faranti. Amma wanda abin da zai sanyaya cila ce ɗaya ko biyu masu kwandensa irin mai bututai miƙaƙƙu da ake buɗe murfi a zura burushi, ko kamfanin mai da ke da manyan kwandensoci da ruwa mai yawa ke bi, buɗaɗɗiya da matatar ruwa a gefe da magani a kan lokaci ta ishe shi, za ta ma ba shi ruwa mafi sanyi, kuɗin da ya rage ya sa a na'urar tausasa ruwa da horar da yaron da zai kula da ita. Yaron nan fa ba ƙaramin abu ba ne, mutum ɗaya da ya san ya duba mitar gishiri kowace safiya, ya leƙa nozul, ya saurari ƙarar boris da bel, ya fi maka alheri a kan ƙarin tsadar na'ura.

In ka zo ciniki, kar ka karɓi zancen wai wannan ƙarfin sanyayawarta tan 100 ne kawai. Ka ce a rubuta maka a takarda kilowat nawa za ta fitar, ruwa zai shiga da digiri nawa ya fita da nawa, mita kubik nawa a awa, kuma a kan wane wet balb aka yi lissafin, don na'ura ɗaya tana iya zama babba a takardar da aka yi wa ƙasar sanyi ta zo nan ta kasa. Misalinmu na kilowat 300 in bambancin shiga da fita digiri 5 ne, ruwan da zai zagaya wajen mita kubik 52 ne a awa, in ka ga lambar da ta yi nisa da haka ka tambayi dalili. Ka gaya musu Zariya tana sama da mita 600 daga teku, musamman in dirai kula ce don iskar tudu ba ta kai ta Legas nauyi ba. Manyan maƙera irin su BAC da EVAPCO da Marley suna da samfura masu shaidar CTI, cibiyar Amurka da ke tantance cewa na'ura tana yin abin da aka rubuta, akwai kamfanonin Sin ma da ke da ita, in ta samu ta fi kwanciyar hankali. Ka tambayi da me aka yi kwayil da kaurinsa, ko akwai ƙofar da mutum zai shiga ya wanke kwami, kuma moto da famfo da nozul irin waɗanda za a samu a Sabon Garin Kano ko Kaduna ne ko sai an jira jirgi. Wurin dasawa ma a kula, kar a matse ta jikin katanga ta riƙa shaƙar iskar da ta fitar, kar a ajiye ta bakin salansar janareto ko kusa da tagar ofis, kuma in fili ya ba da dama a sa gini ya tare mata ɓangaren arewa maso gabas inda hunturu ke bugowa.